Kejin Nii Okai

Shekara ashirin da shida ina walda a Nima,
ina dasa wa tagogin masu kuɗi haƙoran ƙarfe
don ɓarawo ya leƙa, ya haɗiye yawu, ya wuce.
Na yi kejin kaji, na yi na aku,
na yi wa wani kare wanda ya fi ɗakina faɗi.
Ban taɓa yi wa ɗan Adam ba
sai ranar da Nii Okai ya sauko daga torotoro
yana warin kifi da man inji,
ya miƙo mini wayarsa.

Can kudu ne, in ji shi, inda ruwa ke cizo don sanyi.
Mutum huɗu a akurki,
an zura su teku kamar guga.
Sai ga shi ya fito daga duhu,
cikinsa fari, amma ba farin ciki ba,
baki kamar ƙofar gareji, ido kamar gawayi.
Shak ke nan. Ya duba su ɗaya bayan ɗaya
yadda matata ke duba tumatir a Makola.

"Biya suke yi," in ji Nii, "da dala."
Na ce, biya don a tsorata ka?
Mu nan kyauta ake ba mu,
kowane ƙarshen wata, in mai gida ya ƙwanƙwasa.

Kwana tara muna yanka rodi ni da Issaka.
Kowace gaɓa sai na bi ta sau biyu,
don wannan karon ɓarawon ba ya jin kunya,
kayan da zai sata kuma numfashi suke yi.
Da muka gama, Nii ya buga ƙarfen da ƙafa,
ya ce mai miya shi ke fara ɗanɗanawa.

Ni da ko kwatar Nima ba na tsallakewa in ta cika.

Asuba muka bar Jemstawun,
hasumiyar fitila tana ƙanƙancewa a bayanmu.
Na karanta duk abin da na haddace,
har da wanda na manta rabinsa.
Suka ɗaura mini gilashi, suka sa mini roba a baki,
suka zuba jinin kifi a ruwa,
igiya ta yi kuka, na sauka.

Shiru.
Irin shirun da Akra ba ta taɓa ba ni ba.
Kore a sama, baƙi a ƙasa,
zuciyata kaɗai ke buga guduma.
Na jira mai haƙora.
Ledar ruwa ta zo ta wuce.
Silifa ɗaya, na ƙafar hagu.
Sannan wani ɗan kifi, bai kai yatsana ba,
ya shigo ta tsakanin rodin da na auna da hannuna,
ya zagaya kaina, ya fita ta ɗaya gefen,
ko sallama bai yi ba.

Da muka dawo gaci rana ta take.
A kan yashi na ga wanda na je nema,
ko ƙaninsa, ko ɗan ƙaninsa:
an yanke masa fiffike, ƙudaje sun yi layi a bakinsa,
wata mata tana ciniki a kan sidi goma.
Na tsuguna, na taɓa haƙorinsa.
Babu ƙarfe tsakaninmu.

Baƙin Nii ba su zo ba har yau.
Kejin na ƙofar shagona, gishiri yana cinsa.
Da yamma yaran unguwa kan shiga su ja ƙofa,
ɗaya ya tsaya a waje yana buɗe baki,
kuma kullum rigimarsu ɗaya ce:
kowa so yake ya zama kifin.